Birged Ba Gida Ba Ne

A ɗakin jira na tashar jirgin ƙasa ta Jhelum, shekara huɗu da fara yaƙin duniya na biyu, ina shayar da 'yata, sai na ji wata dattijuwa tana yi wa wani tsohon soja mai sanda magana.

"Bawan Allah, kai da ka yi soja, gaya min gaskiya. An ce birged ɗin da ɗana Karam Dad yake ciki an gama da su a Burma. Wata uku ke nan ba wasiƙa."

"Wace bataliya yake?"

"Ni lambar birged kawai na haddace."

"Ai nan kuke kuskure, ku iyaye mata. Birged ba gida ba ne, kwando ne. Bature yana zuba bataliya uku a ciki, ɗaya ta Turawa, biyu namu. Ran da ya ga dama ya zare ɗaya ya saka wata, lamba kuwa tana nan yadda take. Kina da tsohuwar wasiƙarsa?"

Ta kwance bakin mayafi, ta ciro wasiƙar ta miƙa masa. Ya daɗe yana dubawa.

"Waɗannan an zare su tun kafin damina, an kai su Iraƙi gadin bututun mai. Ɗanki zafin rana kawai yake sha."

"Kai dai lallashina kake yi, tsoho. Kana zaune a Jhelum, yaya aka yi ka san haka?"

Ya naɗe takardar a hankali, ya mayar mata.

"Bataliyar ɗana aka saka a gurbinsu."