Asara a Takarda, Kuɗi a Hannu

Tela na zaune a bencin tasha, rungume da wani ƙunshi mai nauyi, sai mai tabarau da ke gefensa ya ja tsaki yana kallon waya.

"Lafiya, Malam?" in ji tela.

"Ina fa lafiya! Kamfanin da na sayi hannun jarinsa ne, masu ƙera ƙwaƙwalwar waya. Sun sayar da masana'antarsu. Wai sun tafka asara, kuma wai kuɗi sun cika musu asusu."

"To, asarar ce ko kuɗin?"

"Duka biyun. A takarda, darajar masana'antar ta fi abin da aka biya su, wannan giɓin shi ne asarar. Amma tsabar kuɗi sun shigo hannu."

Tela ya gyara zama. "Gobe kuma da me za su yi aiki?"

"Sai su biya wasu su ƙera musu."

"Idan tsabar ta ƙare fa?"

"Sai su duba me ya rage na sayarwa."

"Su ma mahaifiyarsu ce a asibiti?"

Mai tabarau ya ɗago kai. "Kamfani ne fa, Malam. Wai me ka rungume haka?"

Tela ya ɗaga gefen zanen, kan keken ɗinki ya leƙo.

"Masana'antata ce."

Motar kasuwa ta tsaya. Tela ya miƙe da ƙyar, ya gyara riƙo.

"Tsabar nake nema," ya ce. "Asarar kam, ba sai an rubuta min a takarda ba."