Littafin Da Ba A Yi Aure A Cikinsa Ba

Salamu alaikum Anti mai gabatarwa. Ni ce Hindatu daga Takur.

A ajinmu musayar littattafan soyayya muke yi. Sai yayana ya kawo min wani daga Kano, labarin mutanen da suka tafi duniyar wata a kumbo. Wallahi ina karantawa kamar ni ce a can sama. Aibinsa ɗaya, babu mai kewar mahaifiyarsa a ciki.

Na ba ƙawata Rabi, ta dawo min da shi ta ce, "To wa ya auri wa? Shirme kawai!" Shi ke nan suka cire ni daga musayar. Yanzu in an fita tara, ni kaɗai nake zama.

Anti, ko akwai wata a Jigawa mai son irinsa? Ki gaishe min da ita, ko ban san ta ba.