Bizar Rifkatu da Kunyar Ɗan Fari

Ina gaishe ku, 'yan'uwa, cikin sunan Yesu Almasihu Mai Cetonmu. Ku yi haƙuri da ni, ban iya magana da gaggawa ba, kuma abin da zan faɗa har yanzu yana tafasa mini zuciya.

Kun san Rifkatu, wadda a da take ba da waƙa a ƙungiyar matasa. Da yawanku kun ɗauka ni na haife ta. Ba ni ba ne. 'Yar farin ƙanena Ayuba ce, mai noman shinkafa a fadama ta hanyar Birniwa. Da aka yaye ta, shi da matarsa Hannatu suka kawo ta nan Hadejia, suka ɗora ta a cinyar matata Saratu, domin Allah bai ba mu haihuwa ba. Ayuba ya ce, "Yaya, ga taku." Kun san kunyar ɗan fari. Bai taɓa kiran sunanta ba. In ta durƙusa ta gaishe shi, yana kallon bango yake amsawa.

Yarinya ta yi ƙoƙari, ta sami gurbin karatun jinya a wata ƙasar Turai, har da tallafi. Makarantar ta ce in ba ta iso kafin a buɗe zangon karatu ba, za a ba wani gurbinta. Saura biza.

Muka tafi ofishin jakadancin ƙasar a Abuja. Wata mata a bayan gilashi ta jera takardunmu. Na makaranta duk sunana ne a kai, ta haihuwa kuwa sunan Ayuba.

Ta ce, "Kai wane ne a wurinta?"

Na ce, "Ubanta."

"Ba haka takardar haihuwa ta ce ba. Shekararta sha bakwai, ba ta isa tafiya da ikon kanta ba. Sai iyayen da suka haife ta sun je kotu sun rantse tasu ce, sun yarda ta tafi, sun kuma amince da wanda zai kula da ita a can. In ba haka ba, babu biza, balle izinin zama."

Na ce, "Ni na riƙe ta tun daga yaye."

Ta ce, "Baba, dokarmu ba ta san riƙo ba." Ta kira wanda ke bayana a layi.

'Yan'uwa, ni da na saɓa yarinyar nan a kafaɗa na ratsa ruwa da ita shekarar da kogi ya shigo unguwarmu. Ni da na sayar da tunkiyata na kai ta asibiti lokacin ƙyanda. Wace irin doka ce ta san haihuwa amma ba ta san reno ba? A gaban 'yata aka mai da ni baƙo, aka kuma sallame ni kamar wanda ya zo bara.

Da fushin nan na nufi wurin Ayuba. Damina ce, sai da kwalekwale, ga ciyawar kachala ta toshe hanyar ruwa, muna turawa da gora. Na same shi yana korar tsuntsaye a gona. Na zayyana masa komai.

Ya ce, "Yaya, ni ba ni da 'ya a Hadejia."

"Ayuba, ba wasa ya kawo ni ba."

"In tsaya gaban alƙali in ce tawa ce? In yi amai in lashe? Ka koma ka ce musu taka ce."

"Na faɗa musu. Takarda suke ji, ba mutum ba."

"To, su ji da takardarsu."

Nan na zage shi tas. Na ce jaki ma ya fi shi jin magana. Na ce kunyarsa ta banza ce, tunda za ta cinye rabon yarinya. Na ce ƙafata ba za ta sake taka gidansa ba. Hannatu da ta kawo mini ruwa ta juya da kwanonta.

Na dawo gida na zama abin tsoro. Na daina jan addu'ar safe. Abinci ma sai in ture. Lokaci yana tafiya, makaranta tana tambaya. Rifkatu ta zo ta ce, "Baba, a bar shi, zan yi karatu a nan." Wannan ya fi komai ƙona ni. Yarinya mai iyaye huɗu ta rasa wanda zai tsaya mata.

Wata safiya Saratu ta ce, "Malam, ka yi faɗa da Turawa, ka yi da ƙanenka. Saura Allah. Je ka yi da shi ma, mu huta."

Na zo ɗakin sujadar nan, babu kowa, na durƙusa. Ba addu'ar ladabi na yi ba. Na ce, "Ya Ubangiji, ka hana ni haihuwa, na yi shiru. Ka ba ni wannan, yanzu an ce ba tawa ba ce. Wanda ya haife ta ya ce ba tasa ba ce. To, ta wa ce?"

Ban ji murya ba. Amma amsar ta sauka a zuciyata. Tasa ce. Shi ya yi ta.

Na sake shiga kwalekwale. Ayuba ya gan ni, bai tashi ba. Na zauna a kan kunyar gona kusa da shi, na ce, "Ban zo in mayar maka da kyautarka ba. Ni da kai duk riƙo muke yi wa Mai ita. Ya buɗe mata ƙofa, mu biyu muka tare, kai da kunya, ni da fushi."

Ya miƙe tsaye. Sai ya ɗaga murya ya ce, "Hannatu, a fito mini da babbar rigata."

A kotu, mai karɓar rantsuwa ya ce masa, "Sunan 'yarka?"

Ayuba ya ce, "Wannan yarinyar."

"Sunanta nake tambaya."

Ya sunkuyar da kai. Ni kuwa ina addu'a a ciki. Can ya ce, "Rifkatu. Ni na haife ta. Yayana ne ubanta." Ya sa hannu da ajami, Hannatu ma ta rantse ta sa nata, na sa nawa a ƙasa a matsayin shaida. Rifkatu ta rufe fuska da gyale, kafaɗunta suna rawa.

Biza ta fito kafin a buɗe zango. Yau tana can, ta sami izinin zama, tana karatunta.

Ba zan yi muku ƙarya a gidan Allah ba, dokar nan har gobe tana ba ni haushi. Amma Ubangiji ya fisshe ni daga fushin da ya kusa raba ni da ɗan uwana, wanda kuma ya kusa hana 'yata rabonta. Duk mai riƙon yaro a cikinku, ya je ya zauna da iyayen tun da wuri, a gyara takardu kafin rana ta ɓaci. Wanda kuma zuciyarsa ta cika, ya kawo ta wurin Yesu yadda take, da zafinta. Zai karɓa.

Godiya da yabo su tabbata ga sunansa. Amin.