Darnin gidana ya faɗi, babu karan gyara

Assalamu alaikum mai gabatarwa, Allah shi ƙara ma lahiya, kai da abokan aikinka. Ni manomi ne daga wani ƙauye kusa da Maikujera, ƙasar Rabah.

Damina uku ke nan da dattawan garinmu sunka ce kowa shi daina shuka dawa da gero a gonakin bakin gari, don cikin duhun dawa 'yan bindiga ke laɓewa su auka muna. Sai wake da gyaɗa, abin da bai wuce gwiwa ba. Gonakin nesa kuwa, wa ke zuwa? Munka bi, don rai ya fi hatsi.

Abin da ba mu tuna ba shi ne kara. Da karan dawa muke gyara darnin gida kowace kaka. Bana nawa ya ruɓe, ruwan ƙarshe ya kwantar da shi. Mai ɗakina ta rataya zannuwanta biyu wurin, a bayansu take girki. Jiya iska ya ɗage su, na ji ta ce, "Malam, mi ya rage? Mai wucewa har tukunyata shina gani."

Kullum muna jin an turo ƙarin jami'an tsaro, mun gode, amma wallahi mun gaji.

Ina gaida manoman Tursa da Magarya. 'Yan'uwa, ku da mi kuke darni in babu kara? Mun bar dawa don mu hango mai zuwa, yanzu mu kowa ke hangowa.