Sun Datse wa Yayana Yatsu a Taron Gidauniya

Assalamu alaikum Malam, da duk masu sauraro. Ni ce Hauwa'u daga Kwararafa, Jos.

Ranar Asabar jam'iyyarmu ta kira taron gidauniya don ɗan takarar kansila. Yayana Sabi'u, tela ne, ya miƙe ya ce, "Kun yanke layin unguwarmu kun kai wata mazaɓa. Don me za mu tara wa wanda ba mu da ikon zaɓa?"

Kafin ya zauna, 'yan bangar siyasa suka rufe shi da gora da adda. Ina ihu, ɗayansu ya ce, "Matsa, ko ki bi shi!" Sun datse masa yatsun dama, ba zai ƙara riƙe almakashi ba.

Yanzu ɗan takarar ya aiko a sasanta, ƙannena kuwa suna wasa wuƙaƙe. Malam, me zan ce musu?