Ba Za Mu Rage Wa Matuƙa Horo Ba

Mai girma shugaban taro, manyan hafsoshi, malamai 'yan uwana, makanikanmu masu kwana da baƙin mai a hannu, iyaye da matan matuƙa, ɗalibaina, assalamu alaikum.

Ina godiya da aka ba ni dama, ni da nake shugabantar malaman tuƙin jirgin sama a wannan makaranta. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Ku dubi bayana, jiragen yaƙi ne a jere cikin rumfa, an lulluɓe su, lafiyarsu ƙalau, babu mai tuƙa su. An ce mafita ita ce mu rage wa ɗalibai rabin horo, mu yaye su da wuri. To a gaban kowa nake faɗa, ban yarda ba, kuma ba zan sa hannu ba.

Na farko, sauri ya haifi nawa. Sama ba ta san uzuri ba. Wanda bai taɓa jin inji ya mutu masa yana tare da malami ba, ranar da ya mutu masa shi kaɗai, uwarsa za mu je yi wa ta'aziyya.

Na biyu, ruwa muke zubawa a kwando. Akwai ɗalibina da muke kira Dogo, gwanin da ban horar da kamarsa ba. Bara ya ajiye kaki, ya koma jirgin fasinja. Na tare shi a bakin ƙofa, na ce, "Dogo, mu za ka yi wa haka?" Ya ce, "Malam, aikin mutum uku nake yi. Na dawo gida 'yata ta gan ni, ta ruga bayan uwarta tana cewa ga baƙo." Ku ba irin su Dogo hutu, ku daina yi musu canjin wurin aiki ba shiri, za su zauna.

Na uku, ba a fafe gora ranar tafiya. Tun yau a san waɗanda za su yi ritaya, a riƙe su su koyar, a ƙara mana jiragen koyo. Ku ba mu malamai, mu ba ku matuƙa. Amma rabin matuƙi, ku neme shi a wani wuri.

Allah ya tsare 'ya'yanmu a sama, ya sauko mana da su lafiya, ya mai da kowa gidansa cikin aminci.

Na gode.