Tsagar Ginshiƙin Zaurenmu

Wa ya aiko ku ku tambaye ni tsohon gidanmu na bakin kududdufi? Uwarku ko? Mutum ya ci tuwo ya ƙoshi, maimakon ya wanke hannu sai ya hau tonon abin da aka binne. Ke Ummi, ɗauke ƙafarki daga kan tabarmata. Tunda kun tambaya za ku ji, amma kada wanda ya katse ni.

Shekarar da ambaliya ta cinye shinkafarmu ta Auyo, kakanku bai daɗe da rasuwa ba, na sayar da tunkiyata na yi kuɗin mota zuwa Kano. Ni ban iya zaman jiran a ba ni ba. Na kama ɗaki a gidan wata mata mai kulle famfo da kwaɗo. Ran nan ta ce wai na cika ɓarnar ruwa. Na ce mata ni 'yar bakin kogi ce, ruwan da ya wuce ta ƙofar gidana ya fi wanda ita da kakanninta suka sha. Ba ta sake tanka min ba har na tashi.

Aikin da na samu shara ne da girkin rana a ofishin wasu injiniyoyi masu tsara magudanan ruwa. Suna da kwamfuta da suke zuba gari sukutum a cikinta, da titunansa da lambatunsa, sai su saukar masa da ruwan sama na ƙarya su ga inda zai bi. Modal suke ce wa abin. Ni dai moɗar randa na sani, ita ko ba komai ka ɗebo ka sha.

Wata rana ina goge tebur na ga shuɗin ruwa yana malala a allon, na gane kwanar kasuwarmu. Ashe Haɗeja ce. Na ce da shugabarsu, wata Injiniya Hafsatu, abin nan nasu ƙarya yake yi, ruwa ba ya bin bayan maƙabarta, ta lungun majema yake karyowa. Ma'aikatan suka yi dariya. Ita ba ta yi ba. Ta jawo kujera ta ce, "Inna, zauna ki faɗa min."

Ta ce kwamfutar makauniya ce in ba a gaya mata iya tsayin ruwan shekarun baya ba, kuma babu wanda ya rubuta. Na ce mu mun rubuta. A zaurenmu akwai ginshiƙin giginya, tun zamanin surukina duk daminar da ruwa ya shigo sai a tsaga shi da wuƙa daidai inda ya tsaya. Kakanku ya ɗora, ni na ɗora bayansa. Da shi muke sanin tsayin da za a ɗaga rumbu. Kowace tsaga na san shekararta: wannan ta haihuwar babanku, wannan ta mutuwar jakinmu.

A motar ofis muka zo, ni a gaba. Na yanka mata kaza, na sa aka kawo kifi daga Kirikasamma. Ta durƙusa ta auna tsaga ɗaya bayan ɗaya, na zagaya da ita gida-gida ina cewa maƙwabta su buɗe mata, 'yata ce, ta zo raba mu da ruwa. Saboda ni suka buɗe.

Da muka koma Kano shuɗin nan ya fara bin lungun majema kamar yadda na ce. Har alfahari na yi.

Bayan wata biyu ƙanin kakanku ya yi min waya, ya ce an zo an shafa jan fenti a katangunmu, alamar rusau. Za a tattara ruwan gari duka ta babban magudani a juye a unguwarmu, a mai da ita matattarar ruwa. Na ajiye tsintsiya na shiga ofishin Hafsatu ba sallama.

"Yaushe kika sani?"

"Inna, dole ruwan ya sami wurin zama. Naku ne wuri mafi ƙasa, ginshiƙinku ya tabbatar. In ba haka ba kasuwa da asibiti za su nutse."

"Ba shi na tambaye ki ba. Ranar da kika ci kazata, kin sani?"

Ta sunkuyar da kai. Ta ce tun kafin mu taso tana zargin haka, shaida kawai take nema.

Da ta faɗa min tun a mota, wallahi da zan iya nuna mata ginshiƙin duk da haka. Ni ma na san ruwa ba ya hawa tudu. Amma da na fara tara maƙwabtana na gaya musu da bakina, su zaɓa su buɗe ko su rufe. Ita ta zaɓa musu, da fuskata.

Ranar na haɗa ƙullina na dawo. Aka ba mu wannan filin na kan tudu, aka rushe can. Kasuwa ba ta ƙara nutsewa ba, wannan ba zan ɓoye muku ba. Amma Lami mai ƙosai, wadda muka yi shekara talatin katanga ɗaya, har ta koma ga Allah ba ta amsa sallamata ba. A wajen wankan gawarta 'yarta ta karɓe ƙwaryar daga hannuna.

To kun ji. Ke Ummi, share hancinki, ba ke aka yi wa ba. Ku ɗauke kwanukan nan, kowa ya je ya kwanta.